Ba a Haƙa Baƙin Ƙarfe

Shekara tara Royston Catchpole ya yi yana neman gidan da aka haife shi a tsakiyar wata gonar alkama, kuma a cikin shekarun nan babu abin da bai tono ba sai gidan.

Ya tono kuɗin Rumawa har sun cika gwangwanin biskit biyu. Ya tono sulallan azurfa masu kan sarakunan da ko malamin makaranta sai ya buɗe littafi kafin ya tuna sunansu. Ya tono maɓallan riga da harsasan dalma ba iyaka, da wani ɗan zoben tagulla da yanzu yake gidan tarihi na Norwich, an rubuta sunansa a ƙasa da ƙananan baƙaƙen da shi kansa ba ya gani sai da tabarau. A ƙungiyarmu ta masu neman abin da ƙasa ta haɗiye, in an zauna ranar Laraba ta farkon wata kowa ya baje abin da ya samo a tebur, nasa ake fara leƙawa. Ba na yabon mutum a banza, amma Royston yana da kunne. In ya ɗaura abin sauraro ya fara kaɗa na'urarsa ta gano ƙarfe dama da hagu kamar mai shara, zai gaya maka abin da ke ƙasa tun shebur bai taɓa ta ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma duk wanda ya shigo ƙungiyar sai ya ji ta daga bakinsa tun bai gama shan shayinsa na farko ba: ba a haƙa baƙin ƙarfe. Na'urar nan tana magana da murya biyu. In ta bi ta kan azurfa ko tagulla sai ta yi wata 'yar siririyar ƙara mai daɗi, in kuma baƙin ƙarfe ne sai ta yi gurnani. Gonakinmu kuwa cike suke da tsofaffin ƙusoshi da gutsuren garma, wanda ya ce zai bi kowane gurnani bayansa zai ƙare bai ga azurfa ba. Akwai wani maɓalli a jikin na'urar da in ka murɗa shi sai ta daina jin baƙin ƙarfen gaba ɗaya. Royston ya murɗa nasa har ƙarshe tun shekarun baya, bai sake taɓa shi ba.

Gidan da yake nema na laka ne, irin namu na Norfolk, ɗaki biyu a ƙasa ɗaya a sama. Na mai gona ne, ana ba duk wanda ke kula da dawakin huɗa ya zauna, kuma babansu ne na ƙarshe da ya riƙe aikin. Da tarakta ta zo aka sayar da dawakan, gidan ya bi aikin ya tafi. Royston yana da shekara shida aka ɗora su da kayansu a bayan mota zuwa garin Dereham, yayarsa Enid tana da sha uku. Ba a jima ba aka kawo katafila ta ture gidan, ta tumɓuke shingaye, ta cike ɗan tafkin da ke kusa, aka haɗe ƙananan gonaki bakwai suka zama ɗaya mai faɗin da ido ke gajiya kafin ya kai ƙarshenta. Laka ta koma laka. Tsohuwar taswira ta nuna gidan da ɗigo ɗaya, amma babu hanya ko shinge ko tafkin da za a auna daga gare shi, duk sun tafi tare.

Abin da ya rage wa Royston na gidan kaɗan ne ƙwarai. Yana tuna ƙanshin burodi. Yana tuna muryar babarsu daga ciki duk lokacin da ya rugo da gudu daga gona, tana cewa, "Takalmi, Royston, takalmi," don ba a taka mata daɓe da taɓo. Kuma yana tuna wata ƙatuwar bishiya da yake gani daga bakin ƙofa. Bishiya ɗaya ce ta rage a gonar yanzu, can gefen gabas, saboda haka ya sa a ransa nan gidan yake. Kowace kaka, daga an yanke alkama har a sake shuka, shi da abokinsa Desmond Larwood za su ajiye mota a bakin titi, su ɗaga wani tsatsattsen zoben ƙarfe mai sarƙa da ke riƙe ƙyauren gonar a jikin turke, su wuce kai tsaye wajen bishiyar. A hanya sukan kauce wa wani ɗan kwari da ƙungiya ta sa wa suna Juji, inda ƙasa ke cike da baƙin ƙarfe har na'ura ke rikicewa. Royston ne ya raɗa masa sunan.

Enid kuwa tun tana da shekara ashirin da ɗaya ta hau jirgin ruwa zuwa Ostareliya, ta yi aure a Adelaide, ta zauna. Sau ɗaya ta taɓa dawowa. Ta tsaya a bakin ƙyauren nan ta dubi gonar sama da ƙasa, ta rasa ko ta wane gefe za ta kalla, sai ta koma mota ta zauna ta yi kukanta. Abin da ya sa Royston, da ya ajiye aikin direban bas, ya je ya roƙi mai gonar izinin shiga ke nan.

Kowace Lahadi da safe takan kira shi, lokacin can wajensu yamma ta yi.

"To, mai haƙa, ka samo gidan?"

"Na samo kuɗin Rumawa uku, Yaya. Ɗaya har kan sarkin ya fito."

"Rumawa ne suka haife ni? Gida na ce maka."

"Ina kai. Ki daure ki tuna min wani abu na tagulla ko na azurfa da Mama take da shi. Ko cokali ne."

Sai ta yi dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari. "Azurfa? A gidanmu? Kai yaron nan. Mu komai namu baƙi ne, tukunya baƙa, murhu baƙi, gado baƙi."

"Baƙin ƙarfe ai ko'ina akwai shi, ba ya nuna komai."

"To ka yi ta neman cokalin sarauniya. Ni dai in na mutu a ƙofar gidan nan nake so a zuba ni. Ba a gefen titi ba, ba a gindin wata bishiya ba. A ƙofa."

Yakan ce mata ta daina irin wannan magana. Yana da shekara saba'in da ɗaya, amma in tana magana har yanzu ji yake kamar ta kama shi da hannu a cikin sukari.

A watan Yuni ta rasu. Aka ƙone gawarta kamar yadda ta yi wasiyya, 'yarta Noelene ta kira ta ce za ta kawo tokar da kanta in an yi girbi, don ta yi wa uwarta alkawarin da hannunta za ta zuba. Lahadin farko bayan rasuwar Royston ya haɗa shayi ya zauna kusa da waya kamar yadda ya saba, sai da shayin ya huce ya tuna. Kewarta ta kama shi yadda bai yi zato ba. Shekara hamsin da wani abu suna nesa da juna, amma ita kaɗai ce ta rage a duniya da ta san an taɓa yin wani gida a wurin nan, yanzu sai shi, shi kuma bai san inda yake ba.

Noelene ta sauka ranar Alhamis a watan Satumba, doguwar mata mai shekara hamsin da 'yan kai, rana ta gasa mata fuska, da tokar a wata koriyar roba mai murfi cikin jakar hannunta. Jirginta na komawa ranar Talata ne. Mai gonar kuma ya riga ya aiko cewa Litinin da sassafe zai shuka, daga nan ba mai taka masa gona sai baɗi.

"Kawu, Mama ta ce ka kusa samowa," in ji ta, suna cin abinci.

"Na kusa," in ji shi, ya mai da ido kan dankalinsa.

Ranar Juma'a shi da Desmond suka wuni a gindin bishiyar. Desmond tsohon mai gyaran famfo ne, gajere mai tumbi, shi a wajensa wannan sana'a dalili ne kawai na fita daga gida da filas ɗin shayi. Suka bi ƙasar layi-layi, wurin da suka riga suka bi ya fi sau talatin. Royston ya samu maɓalli biyu da murfin kwalba. Da azahar suka zauna a kan tushiyar alkama suna cin burodi da cuku.

"In gaya maka gaskiya, mutumina?" in ji Desmond.

"Ko na ce a'a faɗa za ka yi."

"Ka kawo yarinyar nan gindin bishiyar, ka nuna mata ƙasa da yatsa ka ce nan ne. Wa zai ƙaryata ka? Tsutsa?"

"Enid za ta sani."

"Enid tana cikin roba, Allah ya jiƙanta. Yarinya ta ƙetaro duniya, ka bar ta ta koma da ranta a kwance mana. Kai dai taurin kai gare ka kamar jakin da ya ga gada."

Royston ya zuba sauran shayinsa a ƙasa ya miƙe ya mai da abin sauraro kunne.

Asabar aka wuni ana ruwa. Ya fita duk da haka, shi kaɗai, ya dawo da yamma a jiƙe sharkaf, gwiwoyinsa na ciwo, aljihunsa ba komai. Ya tarar Noelene ta ajiye robar a kan tebur kusa da taga, ta juya ta tana fuskantar waje. Ya daɗe tsaye yana kallon robar, ruwa na ɗiga daga rigarsa. A ransa ya ce, ki yi haƙuri, Yaya, na yi iya yina. Nan ya yanke shawarar zai bi maganar Desmond, kuma tun a lokacin ya ji kunyar abin ta kama shi.

Lahadi da safe gari ya washe. Su uku suka tafi a motar Desmond. Royston ya ɗauko na'urarsa da shebur don sabo kawai, ba ya iya shiga gonar nan hannu rabbana. Noelene ce ta fara isa ƙyauren, jakarta a kafaɗa. Ta kai hannu za ta ɗaga zoben ƙarfen daga kan turke, sai ta tsaya tana jujjuya shi.

"Kawu, wannan takalmin doki ne?"

"Shi ne. Gonar nan cike take da su."

"Amma ka ga bayansa a rufe yake. Kamar na Damsel."

"Wace ce Damsel?"

Ta ɗago ta dube shi da mamaki. "Goɗiyar Kaka mana. Ba ka sani ba? Tun ina ƙarama Mama ke ba ni labarin. Wai ƙafarta ɗaya ta gaba tana da ciwo, sai maƙeri ya yi mata takalmi na daban, ya rufe bayan da sandar ƙarfe ya zama kamar zobe. Ranar da aka zo tafiya da dawakan Kaka ya cire shi ya kafa a saman ƙofar gida da ƙusa biyu. Ta ce kowace safiya sai ta ɗaga ka ka taɓa shi kafin ta tafi makaranta, in ba ta ɗaga ka ba ka yi ta ihu."

Royston ya karɓi ƙarfen. Ya cika masa hannu biyu, faɗinsa ya kai faranti, irin na manyan dawakan huɗa. Bayansa a rufe. Ya goge tsatsar da babban yatsa, sai ga guntayen ƙusoshi biyu dogaye, irin na katako, ba na kofato ba, sun lanƙwashe a cikin ramukansu. Bai tuna goɗiyar ba. Amma hannunsa ya tuna wani abu, sanyin ƙarfe da safe, da hannuwa biyu da suka riƙe shi ta hammata.

"Desmond, daga ina mai gona ya samo wannan?"

Desmond ya cire hularsa ya sosa ƙeya.

"Kai ka ba shi."

"Ni?"

"Ranarmu ta farko a gonar nan. Ka ji ƙara mai daɗi, ka san babban ƙarfe yakan ruɗi na'ura, ka yi ta haƙa har gwiwa kana cewa tukunyar azurfa ce. Da wannan ya fito ka yi zagin da ba zan maimaita gaban 'yarka ba, ka yi jifa da shi. Ni na ɗauko na rataya a turke don kada ya shiga injin mutumin. Shi kuma ya ga ya dace da sarƙarsa."

"A ina na haƙa?"

"Ka sani ai."

"Ka faɗa min dai."

"A Juji. Ranar ka sa masa sunan. Ka ce duk wanda ya sake ɓata lokacinsa a wurin ba ɗan ƙungiya ba ne."

Noelene tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane ba tukuna. Royston ya jingina da ƙyauren. Shekara tara yana ɗaga abin nan da hannunsa yana shiga, ya ɗaga ya fita. Shekara tara yana zagaye kwarin can kamar mai gudun kashi, yana koya wa wasu su zagaye. Yayarsa ta gaya masa da bakinta, komai nasu baƙi ne, ya yi mata dariya. Yana neman gidan mai kula da dawaki da kunnen da ya horar don jin dukiyar sarakuna. Baƙin ciki ya taso masa, ya danne shi, don ba lokacinsa ba ne.

"Bishiyar fa?" in ji Desmond a hankali.

"Wata ce daban, ina jin. Sun sare tamu tare da shingaye."

Ya cire takalmin daga sarƙar ya miƙa wa Noelene, ya ɗaure ƙyauren da igiyar da ke aljihunsa. Suka nufi kwarin, taɓo na manne musu a ƙafa. Da suka isa bakinsa Royston ya tsaya ya kai yatsa kan maɓallin nan. Ya ƙi juyawa, ya ƙage don daɗewa. Sai da ya sa gefen riga ya matsa da ƙarfi sannan ya saki, ya mai da shi har ƙasa. Ya ɗaura abin sauraro ya kaɗa na'urar sau ɗaya.

Ƙasa ta cika masa kunne. Gurnani ta ko'ina, babba da ƙarami, na kusa da na nesa, wani kan wani, kamar ka buɗe ƙofar ɗakin da mutane ke hira. Da can wannan hayaniyar ce ke ba shi haushi. Yanzu ya rage tafiya, yana ɗaga ƙafa a hankali, ya bar kunnen nan nasa ya yi aikin da bai taɓa ba shi ba. Bayan ɗan lokaci ya fara rarrabewa. Ƙananan nan masu yawa ƙusoshi ne, garma ta watsa su, amma akwai inda suka yi kauri akwai inda suka ƙare. Ya ce wa Desmond ya karyo karan alkama ya riƙa sokawa duk inda ya nuna. Desmond ya bi shi a baya yana nishi, yana sunkuyawa yana tashi, ko ƙorafi bai yi ba.

Kafin rana ta take, karan sun zana wani abu mai kusurwa huɗu a kan ƙasa, ba daidai ba, amma ana gani. Royston ya cire abin sauraron ya tsaya yana kallo.

"Ƙarami ne," in ji shi. "Ni a kaina ya fi haka girma nesa ba kusa ba."

"Kai ne ƙaramin lokacin, Kawu."

A gefe ɗaya ya ji wani gurnani mai faɗi da zurfi, ya sa shebur ya ciro gutsuren baƙin faranti mai kauri da 'yar ƙafa a jiki. Murhu ne. Noelene ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta share masa ƙasa da hankicinta. Ya ciro ƙafar gado, ya ciro marfin tukunya da ya rabe biyu. Duk abin da ya fito sai su jera shi a kan tushiya, baƙi, baƙi, baƙi, kamar yadda aka gaya masa. Amma bango huɗu ne, kuma Enid ba ta ce a zuba ta a murhu ba.

Ya bi gefen arewa bai ji komai na daban ba. Ya bi na gabas. Desmond ya ce ya zauna ya sha shayi, ya ƙi. A tsakiyar gefen kudu, taku ɗaya waje da layin karan, na'urar ta yi wata ƙara guda, siririya a faɗi amma mai nauyi. Ya juya ya bi ta ɗaya gefen, ta sake yi a daidai wurin. Abin da garma ta ja yakan kwanta ne. Wannan a tsaye yake.

Ya haƙa. Ya wuce baƙar ƙasar da garma ke juyawa, ya shiga wata ja-ja mai ɓaraguzan laka. Shebur ya daki ƙarfe. Ya ajiye shi ya durƙusa ya ci gaba da hannu, yana kwashe ƙasa a tafi yana zubarwa gefe. Sanduna biyu suka fito a tsaye, tsayin taƙi ɗaya, da wani faffaɗan ƙarfe a gicciye tsakaninsu, tsakiyarsa ta sirance ta lotsa don yawan goga. Ɗaya sandar ta ɗan karkace inda wani abu ya taɓa bugunta. Ya kama ya girgiza, ko motsi. An dasa shi ne a cikin dutse, dutsen kuma yana nan inda aka ajiye shi.

"Mene ne wannan, Kawu?"

"Abin kankare taɓon takalmi ne. A bakin ƙofa ake kafa shi, hannun hagu in za ka shiga."

Desmond ya cire hula, wannan karon bai mayar ba. Ya ja da baya ya tafi can gefe yana duban sama kamar wanda aka aika ya ƙirga gajimare.

Royston ya dafa shebur ya miƙe. Ya tsaya dama da ƙarfen, fuskarsa na kallon cikin layin karan. Daga nan sai ya juya ya dubi kudu, inda ƙasa ta gangara a hankali zuwa wani ɗan lotsi da ruwan jiya ya kwanta a ciki. Tafkin ke nan. Bai ga bishiya ba, bai ga shinge ba, alkama yankakkiya ce kawai har iyakar gani. Amma gangaren nan ya san shi, ƙafafunsa sun sha rugo shi. Ya so a ce yau da safe wayar ta yi ƙara, ta tambaye shi tambayarta ta kullum. Sau ɗaya tak yake so ta sake tambaya.

Noelene ta buɗe jaka ta fito da koriyar robar.

"Nan ne?"

"Nan ne, 'yata. Wannan karon ba ƙarya."

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba. Ta miƙa masa robar. "Na yi alkawarin ni zan zuba, ban yi alkawarin ni zan shigar da ita ba. Kai ka san hanya."

Ya karɓa ya rungume ta a ƙirji da hannu ɗaya. Ta fi nauyin da ya zata. Ya ɗaga ƙafa zai ƙetare layin karan, sai ya tsaya, ya dubi takalmansa da suka yi dumu-dumu da taɓo. Ya dafa kafaɗar Noelene, ya zura ƙafar dama cikin ramin ya goga ta a kan ƙarfen, gaba da baya, har taɓon ya zube. Ya sauya ya goga ta hagu.

"Ke ma," in ji shi. "Ba a taka mata daɓe."

Noelene ta goge nata, hawaye na bin kumatunta, tana dariya kaɗan-kaɗan. Sannan ya juya da robar ta fuskanci ciki.

"To, Yaya, ga gidan," in ji shi. "Na daɗe, ki yi haƙuri. Shiga, ke ce babba."